Tarihin Mil ɗin Teku

Mil ɗin teku shi ne ma'aunin nisa da matuƙa jiragen ruwa ke aiki da shi. Tsawonsa mita 1,852 ne, wato ya ɗara mil ɗin tudu mai mita 1,609. Daga girman duniya aka ciro shi: an kasa kewayenta digiri 360, kowane digiri minti 60, sannan aka ɗauki tsawon minti ɗaya, kudu zuwa arewa, a matsayin mil guda. Da haka matuƙin da ya auna tsayin rana ko tauraro yakan gane nisan da ya ci.

Kafin nan kowace al'umma da nata awon. Larabawan tekun Indiya, a zamanin Ahmad ibn Majid cikin ƙarni na 15, suna lissafi da zam, tafiyar jirgi ta sa'a uku, suna kuma auna tsayin taurari da yatsa. Turawa kuwa sukan auna zurfin ruwa da gaba, wadda Ingilishi suka tsayar a ƙafa 6.

A 1574 William Bourne ya bayyana dabarar auna sauri da igiya. Akan ɗaura katako a bakinta a jefa ruwa, igiyar tana warwarewa ana duban agogon yashi. Daga baya aka yi mata ƙulle-ƙulle, tsakanin kowane biyu ƙafa 47 da inci 3, agogon kuma na daƙiƙa 28. Yawan ƙullin da ya wuce hannu shi ne yawan mil a sa'a, kuma har yau da ƙulli ake faɗin saurin jirgi.

Tsayar da tsawon mil ɗin ne ya ɗauki lokaci. Richard Norwood ya auna tsakanin Landan da Yok, ya wallafa a 1637 cewa minti ɗaya ƙafa 6,120 ne. Sai dai duniya ba dunƙulalliya ba ce sak, don haka mintin yakan tashi daga kusan mita 1,843 a tsakiyarta zuwa 1,862 a ƙuryar arewa da ta kudu. Birtaniya ta riƙe ƙafa 6,080, wasu ƙasashen suka riƙe nasu.

Taron masana taswirar teku a Monako ya raba gardamar a 1929 da mita 1,852. Amurka ta karɓa a 1954, Birtaniya a 1970. Da wannan ma'auni yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta ba kowace ƙasa mai gaɓar teku ikon mallakar mil 12 da cin arzikin mil 200.