Makarantar Montessori: yadda ake tsara gininta

Montessori tsarin koyarwa ne da ya samo suna daga Maria Montessori (1870-1952), likita ƴar ƙasar Italiya. Ranar 6 ga Janairun 1907 ta buɗe ajinta na farko, Casa dei Bambini, wato gidan yara, a San Lorenzo, wata unguwar talakawa ta birnin Roma. A tsarin nata, ɗakin karatu da kayan cikinsa suna ɗauke wa malami rabin aiki, shi ya sa ake shata ginin da la'akari da tsayin yaro.

Aji ɗaya yana haɗa yaran da shekarunsu suka bambanta: 3 zuwa 6, 6 zuwa 9, 9 zuwa 12. Babu layin bencina masu fuskantar allo. Tebura da kujeru marasa nauyi ne, yaro na iya ɗauka da kansa. Kantocin kaya gajeru ne kuma ba ƙofa, kowane kayan aiki guda ɗaya tak, don wanda ya tarar ana amfani da shi ya koyi jira. Famfon wanke hannu, tagogi da maratayin jaka duk ana sauko da su. Abin da ya fi cin kuɗi shi ne faɗin ɗaki, domin yara na shimfiɗa ƴan tabarmi a ƙasa suna aiki na wajen awa 3 ba katsewa, kuma dole wani ya ratsa ba tare da ya taka aikin wani ba. Ana so kowane aji ya sami ƙofa zuwa lambu, yaro ya fita ya shayar da shuka ya dawo.

Misalin da maginan zamani suka fi ambata yana Delft, a ƙasar Holand. Herman Hertzberger, wanda shi kansa ya yi karatu a makarantar Montessori, ya zana ta tsakanin 1960 da 1966. Azuzuwan suna da siffar harafin L, yadda mai aikin natsuwa zai sami lungu nesa da masu aikin ruwa da fenti. Maimakon dogon lungu na wucewa kawai, ya yi babban zaure da azuzuwa ke buɗewa cikinsa, da dandamalin bulo a tsakiya wanda yara ke mayarwa wurin zama, tebur ko dandalin wasa.

A Maraɗi, Damagaram ko Tawa, zafi ne zai sauya lissafin. Lambun Roma zai koma rumfa mai faɗi da inuwar dogon yaro, tagogi kuma su fuskanci juna don iska ta ratsa. Ƙofa biyu a kowane aji ba ado ba ne: gobarar azuzuwan zana a Yamai da Maraɗi a 2021 ta kashe yara da dama.

Sunan Montessori ba shi da rajistar da ke hana kowa amfani da shi, ko da yake ƙungiyar AMI da ta kafa a 1929, mai hedikwata a Amsterdam, tana horar da malamai. Don haka allon bakin ƙofa bai isa shaida ba. Uban da ya je sa ɗansa ya nemi shiga aji da hantsi, ya durƙusa daidai tsayin yaron, ya duba ko hannunsa zai kai kanta da famfo, kuma ko akwai filin shimfiɗa tabarma.