Daga Yaƙi da Jahilci Zuwa UPE: Yadda Aka Tsallake Tsakar Gida

Mu da muka shiga firamare a shekarun 1960 mun tarar da iyayenmu maza sun riga mu sanin baƙaƙen boko, alhali ba su taɓa zama a kan benci ba. A ajin Yaƙi da Jahilci suka koya, shirin da Gwamnatin Jihar Arewa ta ɗauka gadan-gadan a shekarun 1950, wanda marigayi Malam Ahmadu Coomassie ya yi fice wajen jagorancinsa. A zauren mai unguwa ake zama bayan la'asar, ana bin Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu, littattafan da ake bugowa daga Zariya.

Abin da ba a rubuta a rahoton kowa ba shi ne abin da ke faruwa bayan lisha. Uba ya ɗauko littafinsa, ɗa ya ɗauko nasa, aci-balbal ɗaya tsakaninsu. Yau uba ya gyara wa ɗa, gobe ɗa ya gyara wa uba, a yi dariya a wuce. Da yawanmu a kan wannan tabarma muka fara haɗa baƙi, kafin malamin aji ya san sunanmu.

Uwa kuwa tana gefe tana kaɗi. A garinmu ba a kai mata ajin ba, ko da yake tun ƙarni na 19 Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta nuna hanya da 'Yan Taru, inda jajis ke kai karatu ga matan ƙauyuka, su kuma su koyar a gidajensu.

Da UPE ta zo a 1976 yara suka cika azuzuwa maƙil, ajin manya ya ja baya. Muna sababbin malamai muka ga sakamakon: yaro ya kai katin jarrabawa gida, babu mai karanta shi sai shi kansa, kuma abin da ya ga dama yake karantowa. Jihar Kano ta kafa hukumar ilimin manya a 1980, wasu jihohi suka bi sahu, amma nan ma aka ware babba daban, yaro daban.

Azuzuwa biyun da wannan ƙungiya ta gina a kulle suke kwana tun daga azahar. Mu tsofaffin malamai mun miƙa wa kwamitin ilimi buƙatar a buɗe su ranakun Asabar da Lahadi, uwa ta zo da ɗanta na aji ɗaya su zauna benci guda. Alli da littattafai kaɗai muke nema daga asusu, koyarwar kuwa mun ɗauke.