Jitar lantarki mai siffa ta musamman

Jitar lantarki mai siffa ta musamman ita ce jitar da aka ƙera gangar jikinta, wuyanta ko kanta a kan fasalin da ya saɓa wa wanda aka saba gani. Wata kamfani ne ke fito da ita kasuwa, wata kuma makaɗi ne ke sa a ƙera masa shi kaɗai. Akwai mai kama da harafin V, da mai kusurwa huɗu, da mai wuya biyu ko fiye, da wadda ba ta da kai sam. Ana auna irin waɗannan jitoci ta fuska biyu, wato kyan gani a dandali da sauƙin kaɗawa, kuma sau da yawa wadda ta yi fice a ɗaya takan gaza a ɗayan.

Abin da ya ba da damar sauya siffa

Jita marar lantarki tana da kogo a cikinta, kamar ƙoƙon garaya ko na gurmi, kuma kogon ne ke ƙara wa tsirkiya amo. Saboda haka girmanta da siffarta suna da iyaka. A jitar lantarki kuwa, akwai na'urar ɗaukar sauti a ƙarƙashin tsirkiyoyin ƙarfe, wadda aka yi da maganaɗisu da siririyar wayar jan ƙarfe. Ita ke mayar da girgizar tsirkiya zuwa siginar lantarki, sannan amfilifaya da lasifika su fitar da sautin. Tunda ba a buƙatar kogo, gangar jikin na iya zama gungumen katako da aka yanka yadda aka ga dama, muddin ya riƙe wuya, na'urar ɗaukar sauti da jaki, wato abin da tsirkiyoyi ke hawa a kansa.

Tarihi

Tun a farkon shekarun 1930 George Beauchamp da kamfanin da ya zama Rickenbacker a Amurka suka fito da jitar da aka yi wa laƙabi da Frying Pan, domin ƙaramin jikinta mai zagaye da dogon wuyanta sun yi kama da kaskon suya. A kan cinya ake kwantar da ita a kaɗa. Daga baya Gibson Les Paul ta 1952 da Fender Stratocaster ta 1954 suka kafa fasalin da aka saba da shi har yau.

A shekarar 1958 kamfanin Gibson, ƙarƙashin shugabancin Ted McCarty, ya fitar da Flying V da Explorer, masu miƙaƙƙun layuka da kusurwoyi. An yi su da katakon limba, itacen da ke fitowa a dazuzzukan yammaci da tsakiyar Afirka, wanda ake sayarwa a Amurka da sunan korina. Da farko ba su samu kasuwa ba: Flying V guda 98 kacal aka fitar a 1958 da 1959, Explorer kuwa ba ta kai haka ba. Sai da makaɗa irin su Albert King, Lonnie Mack da Jimi Hendrix suka riƙe Flying V sannan ta yi suna, kuma an sake fitar da ita a 1967.

A wannan zamani Bo Diddley ya shahara da jita mai kusurwa huɗu, wadda Gretsch ya ƙera masa. A Ingila kamfanin Vox ya fito da Phantom mai kusurwa biyar a farkon shekarun 1960, da wata mai siffar ɗigon hawaye da Brian Jones na ƙungiyar Rolling Stones ya kaɗa.

Abubuwan da ke shafar sauƙin kaɗawa

Na farko shi ne nauyi. Jitar lantarki ta yau da kullum tana tsakanin kilo 3 da kilo 4 da rabi. Duk abin da ya haura haka yana gajiyar da kafaɗa da baya, musamman ga mai tsayuwar awa biyu a dandali.

Na biyu shi ne daidaito a kan maratayi. A Stratocaster, ƙahon sama na jiki yana miƙewa gaba sosai, kuma a bakinsa ake maƙala maratayi, don haka jitar ke tsayawa inda aka bar ta. Idan siffar ba ta da wannan ƙaho, ko jikin ya yi ƙanƙanta, wuya kan rinjayi jiki ya sunkuya ƙasa. Sai hannun da ya kamata ya riƙa yawo a kan tsirkiya ya koma tallafar wuya. An san Gibson SG da wannan matsala.

Na uku shi ne zama a kan cinya. Ƙugun da ke tsakiyar jitar da aka saba shi ke hana ta zamewa idan makaɗi na zaune. Na huɗu kuma shi ne yadda yatsu ke isa ƙarshen wuya, wurin da sautuka masu zaƙi suke. Na biyar shi ne tsawon tsirkiya daga kai zuwa jaki: yawancin jitocin Fender inci 25.5 ne, na Gibson kuma inci 24.75. Gajeren tsawo yana sa tsirkiya laushi, ya kuma rage miƙa yatsu.

Misalai

Flying V ta nuna yadda siffa ɗaya ke da riba da hasara. Babu abin da ke tare hannu a gindin wuyanta, don haka isa ƙarshen wuya na da sauƙi. Ɓangarorin jikinta biyu iri ɗaya ne, abin da ya dace da Albert King, wanda bahago ne kuma yake juya jitar na-dama ba tare da ya sauya jeren tsirkiyoyi ba. Amma a zaune takan sulale daga cinya, shi ya sa aka manna wa ta 1958 roba mai tsaga-tsaga a gefenta na ƙasa. Makaɗa da yawa sukan sa cinya a tsakanin fikafikan biyu, wuyan ya ɗaga sama.

Gibson EDS-1275 tana da wuya biyu, na sama mai tsirkiya 12, na ƙasa mai 6. Jimmy Page na Led Zeppelin ya yi amfani da ita wajen kaɗa Stairway to Heaven a dandali, domin kada ya sauya jita a tsakiyar waƙa. Nauyinta kan kai kilo 5 zuwa 6, kuma idan wuya ɗaya ya zo daidai hannu, ɗayan yakan yi sama ko ƙasa da yawa. Rick Nielsen na ƙungiyar Cheap Trick ya wuce nan, inda kamfanin Hamer ya ƙera masa mai wuya biyar a 1981. Ita wannan ta nishaɗin 'yan kallo ce, kuma na ɗan lokaci ake ɗaukarta saboda nauyi.

Jitar Cloud ta Prince, wadda Dave Rusan ya ƙera a Minneapolis domin fim ɗin Purple Rain na 1984, tana da dogon ƙaho mai murɗaɗɗen baki da ƙaramin jiki da ya dace da ƙirar mai ita. Ɗaya daga cikinsu, mai ruwan ɗorawa, tana ajiye a gidan tarihi na Smithsonian da ke Washington. Brian May na ƙungiyar Queen kuwa shi da mahaifinsa suka ƙera Red Special a gida a farkon shekarun 1960. Wuyanta na da kauri fiye da na yawancin jitoci, tsawon tsirkiyarta inci 24 ne, kuma da ita ya yi kusan dukkan ayyukansa.

Kayan ƙira ma suna da tasiri. Jitar Dan Armstrong da Ampeg ya fitar a 1969 an yi jikinta da roba mai tauri da ake gani ta cikinta, sai dai tana da nauyi. Jitocin Travis Bean na shekarun 1970 suna da wuyan alminiyam, wanda ke riƙe sauti ya daɗe, amma yana da sanyi a tafin hannu, kuma sauyin zafi da sanyi na taɓa saitin tsirkiya.

Siffofin da aka yi domin sauƙin jiki

Ba duk baƙuwar siffa ce aka yi don ado ba. Ned Steinberger, wanda ya fara da zanen kayan ɗaki, ya cire kan jita gaba ɗaya ya mayar da maɗauran tsirkiya bayan jaki. Ya fara da jitar bes wajen 1980, sannan mai tsirkiya shida ta biyo baya. Rashin kai ya kawar da sunkuyawar wuya, ya kuma rage tsawon jitar. Da yake jikin ƙarami ne ƙwarai, an sa masa wata 'yar ƙafa mai naɗewa domin ya zauna a cinya. Gibson ya sayi kamfanin a 1987.

A 1989 Ralph Novak ya samu haƙƙin mallakar wani tsari da ake karkata ƙarafan da ke gicciye a wuya kamar buɗaɗɗen mafici. Da haka tsirkiyoyi masu kauri suna samun ƙarin tsawo, sirara kuma su gajarta, abin da ke da amfani a jita mai tsirkiya 7 ko 8. A Suwidin, Ola Strandberg ya haɗa wannan tsari da rashin kai, da jiki mai yanka biyu na ɗorawa a cinya, da bayan wuya mai shimfiɗaɗɗun fuskoki da ke nuna wa babban yatsa inda zai zauna.

Siffa da sauti

Akwai saɓanin ra'ayi kan yadda siffa da katako ke shafar sautin jitar lantarki. An yarda cewa na'urar ɗaukar sauti, wurin da aka dasa ta, tsirkiya da amfilifaya su ne kan gaba. Duk da haka wasu makaɗa na ganin yawan katako yana da nasa rabo. Eddie Van Halen ya yanke babban yanki daga jikin jitarsa Ibanez Destroyer don ya sauya mata kama, daga baya ya ce yankan ya ɓata mata sauti.

Ajiya da ɗauka

Jita mai baƙuwar siffa ba ta shiga akwatin da aka saba, sai an nemi nata na musamman, kuma ba kowace majingina ke riƙe ta ba. Tsinin kusurwoyin Flying V da Explorer shi ke fara ɓarewa idan suka bugi bango ko ƙasa. Wasu jitocin marasa kai kuma suna buƙatar tsirkiya mai ƙulli a bakunanta biyu, wadda ba a samu a kowane shago.