Gajimaren Teku da Laifin da Aka Ɗora wa Kakanninmu

Yau daga nan Araba zan ɗauke ku mu tafi sama, mu leƙo teku. Na san wani zai ce mu da muke bakin iyakar Ƙonni ina ruwanmu da teku? To ai ruwan namu ne ma gaba ɗaya.

Damshin da ke zama ruwan daminarmu daga Tekun Atilantika yake tasowa, kudu da Legas, iskar bazara ta turo shi arewa. Amma hadarin kansa, kowane manomi ya sani, daga gabas yake haɗowa ya nufi yamma. Kakanninmu sun san wannan rabin. Inda hadarin ke ƙarewa bayan ya wuce mu, wannan sai da aka hau sama aka gani.

Ranar 1 ga Afrilu 1960, shekarar da Najeriya da Nijar suka sami 'yanci, Amurka ta harba TIROS-1, tauraron ɗan Adam na farko da ya yi nasarar aiko hotunan gajimare. A 1977 Turawa suka harba Meteosat, aka tsayar da shi kimanin kilomita 36,000 a saman tekun da ke kudu da Ghana, yana ɗaukar hoto duk rabin awa. In ka jera hotunan sai ka ga abin mamaki. Hadari ya taso wajen Chadi, ya ratsa ta kanmu, ya bi Mali da Senegal, duk bayan kwana 3 zuwa 5 wani na bin wani, ya faɗa teku kusa da tsibiran Kef Bade. Wasu su watse. Wasu su dunƙule su fara juyi, kuma daga cikinsu ne mafi yawan manyan guguwowin da ke rusa gidaje a gabar Amurka suke fitowa. Shi ya sa can ma ba sa ɗauke ido daga samanmu, ba don Allah kawai ba.

Yanzu ga inda tarihin ya shafe mu. Tun ƙarshen shekarun 1960 ruwa ya fara ja da baya, 1973 aka yi farin da tsofaffinmu har yau suke kwatance da shi. Shanu suka ƙare, mutane suka watsu. A 1984 ya sake dawowa, ga kuma iyaka a rufe, har 'yan uwanmu na Nijar suka laƙaba wa yunwar suna El-Buhari.

Wa ya jawo? A 1975 wani babban masanin yanayi na Amurka, Jule Charney, ya kawo bayani: in dabbobi suka cinye ciyawa ƙasa ta yi fari fat, takan mayar da hasken rana sama, iska ta ƙi tashi, hadari ya ƙi haɗuwa. Shi dai hasashe ya yi na ilimi. Amma da maganar ta shiga ofisoshi da rahotannin masu ba da agaji, sai ta koma hukunci: makiyayi da mai saran itace da manomi su suka kira wa kansu fari. Mutum ya rasa garkensa, ya binne yaransa, sannan a ce masa laifinsa ne. Wallahi wannan wurin yana mini ciwo.

Teku ce ta wanke su. A 1986 Chris Folland da abokan aikinsa a hukumar yanayi ta Ingila suka nuna cewa shekarun farinmu sun dace da lokacin da tekunan kudancin duniya suka fi na arewa ɗumi. In haka ta faru, layin gajimaren nan da ake gani daga sama kamar farin rawani ya naɗe tsakiyar duniya ba ya hawowa arewa sosai, sai ya tsaya can kudu, mu kuma mu yi ta kallon sama. A 2003 Alessandra Giannini da abokanta suka gwada a kwamfuta, da zafin teku kaɗai suka fitar da mafi yawan tarihin damina da farin Sahel. Wasu binciken ma sun ƙara da cewa hayaƙin masana'antun Turai da Amurka ya taimaka wajen sanyaya arewacin Atilantika a waɗancan shekarun. Ban ce saran itace ba ya ɓata ƙasa ba, yana ɓatawa, kuma ina cikin masu yaƙi da shi. Amma gatarin talaka bai kai ya hana damina daga Senegal har Sudan ba.

Farin nan shi ya haifi cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974, wadda har yau take bibiyar damina da hotunan tauraron ɗan Adam. A Najeriya kuma NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da lokacin da ake sa ran ruwa zai zauna. Ku tambayi dattawan unguwarku ko wannan labarin yana isa gare su kafin su zuba irin gero a ruwan farko, ku rubuto mini abin da suka ce. Da amsoshinku za mu buɗe shiri na gaba, in Allah ya kai mu.