Kalmar "Balta" a Harshen Bashkir: Asalinta da Nahawunta

A wannan takarda za mu duba kalma ɗaya tak daga harshen Bashkir, wato harshen mutanen Bashkortostan da ke gindin duwatsun Ural a ƙasar Rasha. Kalmar ita ce "balta", ma'anarta gatari.

Ba mutanen Bashkir kaɗai ke da ita ba, gadon gidan harsunan Turkawa ce. Mahmud al-Kashgari ya kawo ta da siffar "baldu" a ƙamusunsa, Diwan Lugat al-Turk, wanda ya fara rubutawa a 1072. Wasu masana sun yi ƙoƙarin kai salsalarta ga harshen Akkad na tsohuwar Iraƙi, amma a ganinmu kamannin sauti kaɗai bai isa hujja ba, musamman da yake ƙarnoni masu yawa sun raba harsunan biyu. Abin da ba a gardama a kansa shi ne yaɗuwarta a zamanin Daular Usmaniyya, inda ake kiran wani rukunin dogaran fada "baltaji", wato masu gatari. Daga nan ne Larabcin Masar ya ari "balɗa" da "balɗaji", har ma'anar ta biyun ta zube ta koma ɗan daba.

Ta fuskar nahawu kuwa, Bashkir ba shi da jinsi, kuma ɗafa-ƙeya ke ɗaukar aikin da Hausa kan ba ƙananan kalmomi. Jam'inta "baltalar". "Ga gatari" shi ne "baltagha". Da yake kalmar ta ƙare da wasali, "a gatari" sai ya zama "baltala", "daga gatari" kuma "baltanan", alhali Tatar, ɗan'uwansa na kusa, cewa yake "baltada" da "baltadan".

Amma inda mai fassara zai iya yin tuntuɓe shi ne nan. A Bashkir tsohon sautin "s" ya koma "h" a farkon kalma da farkon ɗafi, shi kuma "c" ya koma "s". Saboda haka "gatarinsa" ya zama "baltahı", mai aiki da gatari, wato kafinta, ya zama "baltası". To, a Tatar "baltası" ɗin nan "gatarinsa" take nufi, kafinta kuwa "baltacı". Harsunan biyu duk da baƙaƙen Rashanci ake rubuta su tun wajen 1940, don haka a takarda kalmomin biyu ba su da bambanci ko na ɗigo. Wanda ya ɗauki rubutun Bashkir ya karanta da idon Tatar, sai ya mai da mutum kayan aiki.