Gasar Ƙwallon Sofbol ta Matan Jami'o'in Amurka ta 2023

An gudanar da gasar ƙwallon sofbol ta ƙasa ta ɗalibai mata na jami'o'in Amurka ta shekarar 2023 daga watan Mayu zuwa ranar 8 ga Yuni, ƙarƙashin hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA. Jami'ar Oklahoma ce ta ɗauki kofin bayan ta doke jami'ar Florida State sau biyu a jere a wasan ƙarshe. Wannan ne kofinta na bakwai, kuma na uku a jere, abin da wata jami'a ba ta yi ba tun bayan UCLA daga 1988 zuwa 1990.

Yadda ake wasan

Sofbol ɗan'uwan wasan besbol ne, sai dai ƙwallonsa ya fi girma, filinsa kuma ya fi ƙanƙanta. Kowace ƙungiya tana da 'yan wasa tara a fili. Mai jifa tana tsayawa nisan kimanin mita 13 daga mai bugu, ta juya hannu ta wurgo ƙwallon ta ƙasa. Mai bugu kuma ta yi ƙoƙarin dukansa da kulki, sannan ta ruga ta zagaya tasoshi huɗu da ke da tazarar kimanin mita 18 tsakaninsu. Duk wadda ta zagayo gida ta ci maki ɗaya. Idan ƙwallon ya tsallake katangar fili, mai bugun da duk abokanta da ke kan tasoshi sun ci maki ke nan. Wasa zagaye bakwai ne. Idan aka yi kunnen doki sai a ƙara, idan kuma wata ƙungiya ta ba da ratar maki takwas bayan zagaye biyar sai a tashi.

Tsarin gasar

Ƙungiyoyi 64 ne suka shiga. An raba su rukuni 16 masu ƙungiyoyi huɗu-huɗu, inda duk wadda aka ci sau biyu take fita. Zakarun rukunonin suka kara bibbiyu, wadda ta ci wasa biyu cikin uku ta wuce. Takwas ɗin da suka rage suka hallara a birnin Oklahoma City daga ranar 1 ga Yuni, domin matakin ƙarshe da ake kira Women's College World Series. Birnin ne ke karɓar wannan mataki tun 1990, in ban da 1996.

Jami'o'in takwas su ne Oklahoma, Florida State, Tennessee, Alabama, Oklahoma State, Washington, Stanford da Utah. Babban abin mamaki tun da farko shi ne faɗuwar UCLA, wadda aka ajiye a matsayi na biyu kuma ta fi kowa yawan kofuna a tarihi: an ci ta wasa biyu a gidanta, ta fita tun daga matakin rukuni.

Hanyar Oklahoma zuwa kofi

Sau ɗaya tak aka ci Oklahoma a kakar baki ɗaya, lokacin da Baylor ta doke ta 4 da 3 a watan Fabrairu. Daga nan ba ta sake faɗuwa ba, amma ta sha da ƙyar sau biyu. Na farko a hannun Clemson ne, kafin zuwa Oklahoma City. Ana bin ta maki uku a zagaye na bakwai, saura jifa ɗaya a kammala wasa, sai Kinzie Hansen ta tsallakar da ƙwallo katanga, ta farke ukun gaba ɗaya. Oklahoma ta ci 8 da 7 a zagaye na tara. Nasararta ta 48 a jere ke nan, wadda ta shafe tarihin 47 da Arizona ta kafa a 1996 da 1997.

A matakin ƙarshe ta ci Stanford 2 da 0, ta lallasa Tennessee 9 da 0, sannan ta sake haɗuwa da Stanford. Mai jifar Stanford, NiJaree Canady, wadda ke shekararta ta farko a jami'a, ta hana su sakat har zagaye na tara, kafin Tiare Jennings ta buga ƙwallon da ya kawo maki biyu, aka tashi 4 da 2.

Wasan ƙarshe

Florida State, zakarar 2018, ta zo ne da niyyar ramuwa, domin Oklahoma ce ta ƙwace mata kofin 2021. A wasan farko Oklahoma ta ci 5 da 0. A na biyu, Jayda Coleman ta yi tsalle a jikin katanga ta cafke ƙwallon da zai ba Florida State maki uku. Duk da haka Florida State ce ta fara cin maki, kafin Cydney Sanders da Grace Lyons su tsallakar da ƙwallo ɗaya bayan ɗaya a zagaye na biyar. An tashi 3 da 1.

Mai jifa Jordy Bahl ce aka zaɓa gwarzuwar gasar, domin ta yi jifa sama da zagaye 24 a Oklahoma City ba a ci ta ko maki ɗaya ba.

Bayan gasar

'Yan wasan koci Patty Gasso sun kammala kakar da nasara 61, rashin nasara ɗaya, 53 na ƙarshe a jere. 'Yan kwanaki bayan ɗaga kofin, Bahl ta sanar da komawarta jami'ar Nebraska, jihar da ta taso. Rashinta bai hana Oklahoma ci gaba ba: jerin nasarorin ya kai 71 kafin Louisiana ta katse shi a Maris na 2024, kuma a Yunin shekarar ta doke Texas ta ɗauki kofi na huɗu a jere, karon farko a tarihin gasar da NCAA ta fara shiryawa a 1982.