Zaren Ulu a Manchester, Ƙoshiya a Kano

Wata Asabar a nan Manchester na tara 'ya'yan 'yan uwanmu Hausawa muka yi saƙar wasa. Kowa ya tsattsaga bakin kwali sama da ƙasa, ya ja zaren tsaye, sannan ya riƙa ratsa shi da zaren ulu. Can sai wata yarinya ta ce, "Kawu, mu ma a gida ana saƙa?" Tambayar ta sosa mini rai ƙwarai.

Sai na ba su tarihi. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya tarar tufafin garin suna kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Mata ke kaɗi da mazari, maza su saƙa da ƙoshiya, marina su rina da baba, 'yan bugu su fito da sheƙi. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, yadin masaƙun wannan gari da muke zaune ya ƙara cika kasuwanninmu, saƙar hannu ta yi ta ja da baya.

Yarinyar ta tafi da saƙarta tana ta maimaita "ƙoshiya". 'Yan uwa ɗalibai, in ba mu gaya musu ba, wa zai gaya musu?